Bai Samu Aiki Ba, Noma Dai Yake Taɓawa

Mu mutanen Kalgo muna da wata amsa da muke bayarwa ba tare da mun auna nauyinta ba. A tambayi uba labarin ɗansa da ya gama karatu, sai ya sauke murya ya ce, “To, har yanzu dai Allah bai kawo aiki ba, noma dai yaka taɓawa.” Yaron nan kuwa da an sallame asuba ya ɗaure injin ban-ruwa a bayan babur ya gangara fadama. Shi ne dashe, shi ne zuba taki, shi ne korar tsuntsu, ba a ganinsa cikin gari sai magariba, ƙafafu duk taɓo. Buhunan da za su riƙe gidan har wata kaka daga hannunsa suke fitowa. Duk da haka a bakinmu taɓawa yake yi. Ɗan maƙwabcinsa da ke sa hannu a rajistar ofis da safe, shi ne mai aiki, ko da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata.

Ba iyaye kaɗai ba, dukanmu ne. A wajen binciken aure haka muke. A wajen raba katin gayyata haka muke. Har shi yaron ya haddace amsar, in ka tare shi a bakin hanya da fartanya a kafaɗa ka ce me ake ciki, zai ce maka yana nan yana jiran aiki.

Abin da ya jawo zancen nan majalisarmu shi ne takardun da yaranmu ke cikewa. Tun da aka kafa Jami’ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 ta zauna mana a kan hanyar Bunza, shagunan kwamfuta suka yawaita a garin nan. Kullum akwai abin cikewa: na buɗe asusun banki, na katin ɗan ƙasa, na neman gurbi, ga na N-Power da aka yi ta rububinsa tun 2016. Kowace takarda tana son sanin abin da kake yi, kuma da Turanci take tambaya. Wata ta tambayi abin da kake ci da shi, wata ta tambayi inda ka sa gaba a rayuwa, wata har ta tambayi abin da kake yi idan ba ka yin komai. Yara kan tsaya su yi ta cizon biro a kan waɗannan layuka, domin a kunnensu duk aiki ne.

Wani ɗalibi, jikan ɗaya daga cikin dattawan majalisar, shi ya warware mana su wata la’asar, kuma ya iya bayani. Ya ce, “Baba, Bature ba kalma guda gare shi ba. In ya ce work, duk abin da ka sa ƙarfinka ko hankalinka a kai ne, a biya ka ko kada a biya ka. Sharar tsakar gida ma tana ciki. In ya ce job, to gurbi ne, wani ya ɗauke ka, yana biyanka, kuma yana iya sallamarka gobe. Career kuma doguwar tafiya ce, ka shiga wani fanni kana yaro ka yi ta hawa matakinsa har furfura. Mutum na iya canja gurbi sau biyar yana kan tafiya guda. Profession ya fi su tsauri, sai da dogon karatu da lasisi da hukumar da za ta iya ƙwace lasisin in ka yi ha’inci, kamar likitocin babban asibitin nan namu, ko lauyoyi. Occupation shi takarda ta fi tambaya, ba ruwansa da girma ko ƙanƙanci, abin da ke cin yininka kawai yake nema. Sai hobby, abin da kake yi don ranka na so, ba don ko sisi ba.”

Kakansa, wanda ya tsufa a maƙera, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, “To ɗana, ni wacce at tawa cikinsu? Ba wanda yad ɗauke ni, ba wanda ka iya kora ta, takarda kuma ban da ita.” Yaron ya yi ɗan tunani ya ce akwai trade, da ita Bature ke kiran aikin hannu da aka koya a gaban gwani, sai dai yawancin masu cike takarda a nan ciniki suke fahimta da ita, shi ya sa ba su rubuta ta. Tsohon ya ce, “A’a, bar ta. Sana’a ta ishe ni.”

Gaskiyarsa. Idan muka tsaya muka duba, mu ma ba kalma guda gare mu ba, mun dai bar guda ta danne sauran. Wanda ya je gonar wani ya yi yini aka sallame shi da yamma, ƙwadago ya yi. Wanda ya ɗauki kwanon siminti a wajen gini, leburanci. Yarinyar da ke yi wa wani gida wanke-wanke a biya ta, aikatau. Wanda ya kulle ɗaki bayan kaka ya nufi Legas ko Ibadan ko ya tsallaka ta Kamba, ci-rani ya tafi, kuma kowa ya san da ruwa ya sauka zai dawo. Akwai fatauci, akwai dillanci, akwai kwangila, akwai buga-buga ta samarin yanzu da ba ta da fuska guda. Akwai gayya, wadda ake zubar da gumi a cikinta fiye da ko’ina, ladanta kuwa fura da godiya da sanin cewa ranar taka za a zo maka. A saman waɗannan duka sana’a take zaune. Ita ce ake gado, ita ce ake kiran gida da sunanta, a ce gidan maƙera, gidan wanzamai, gidan mahauta, gidan masunta. Ƙwadago na ƙarewa da faɗuwar rana. Sana’a kuwa mutum na mutuwa ya bar ta a hannun ’ya’yansa.

Kuma ita ma tana da matakanta, ba aikin gwamnati kaɗai ba. Mun san na gwamnati sarai, domin muna ƙirga wa ’yan’uwanmu: mai digiri ya shiga a mataki na 8, ƙololuwa mataki na 17, ya ajiye idan ya cika shekara 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki. Malaman makaranta dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 da 40. Muna da misali a gabanmu na wanda ya bi irin wannan doguwar tafiya, Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, da ya fito daga aikin koyarwa, ya shugabanci ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, sannan ya hau kujerar jiha a 2023. To amma je ka maƙera ka gani. Yaro da zuga-zugi yake farawa, ya daɗe yana hura wuta kafin a bar shi ya riƙe masaba. Sai ya iya gyaran bakin fartanya sannan a amince masa ya ƙera sabuwa. A shagon tela da guga da sa maɓalli ake farawa, almakashi ne na ƙarshe, domin wanda ya ɓata yadin sallar mutane ya ɓata sunan shago. Ranar da aka yaye shi, maigidansa ya sa masa albarka, ya buɗe nasa, ya ɗauki nasa yaran. A can ƙarshe ga rawani: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma. A al’adar ƙasar Hausa ba da roƙo ake zama Sarkin Noma ba, sai mutum ya noma dami dubu jama’a sun gani da idonsu. Wane ƙarin girma ne ya fi wannan wuyar samu?

Ko batun lasisin nan da ɗalibin ya kawo, a tambayi duk wanda ya taɓa kai mai karaya Aliero. Masu ɗori na can ba allo suka rataye a bango ba, amma daga nesa ake ɗauko musu marasa lafiya, kuma ba kowa ke tashi rana tsaka ya ce shi ma ya iya ba. Sai ɗan gida, sai wanda ya girma yana riƙe karan ɗori. Ba ina cewa su da likitan ƙashi ɗaya ba ne, akwai karayar da asibiti kawai ya kamata a nufa da ita, kuma jinkiri a kanta na jawo asarar ƙafa. Abin da nake nunawa shi ne mun san ilimin da ake tsarewa, mun san aikin da amana ke riƙe da shi, tun kafin takarda ta zo.

Ƙasar nan ma ba ta taɓa raina neman na kai ba. Muna kusa da Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, kuma malamanmu na zaure har gobe suna ba mu labarin yadda Shehu Usmanu da kansa yake tufkar igiya don ya ci daga guminsa. Malaman da suka koya mana karatu, wannan ɗinkin hula, wancan noma, wani sayar da turare ranar kasuwa. Ba wanda ya taɓa cewa Malam bai samu aiki ba.

To yaushe muka koma haka? Ni a ganina tun da albashi ya shigo gari ne, ya kuma ƙaru bayan an yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, ofisoshi suka buɗe a Birnin Kebbi nan kusa da mu, kusan kowane gida ya samu mai tafiya da safe cikin wankakkun kaya. Daga nan kalmar aiki ta sa hula ta koma ofis. Kuma kada mu zalunci iyayenmu, suna da hujja. Wani dattijo daga wajen Diggi ya faɗe ta a majalisar nan yadda ba wanda ya iya musawa. Ya ce albashi rijiyar gida ce, ruwanta kaɗan ne amma kullum ka zura guga ka samu, noma kuwa gulbi ne, wata shekara ya ƙosar da kai, wata shekara ya cinye ka. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san abin da yake nufi. Shinkafa ta kusa yanka, ruwa ya zo ya shafe ta, mutane suka tsaya a kan tudu suna kallon bashin da suka ci yana tafiya. A waccan shekarar mai albashi ne ya riƙe dangi. Haka kuma da aka janye tallafin man fetur a 2023, mai noman rani ne ya fara ji a jikinsa, domin injinsa ba ya shan haƙuri. Uban da ya ga waɗannan, in ya yi wa ɗansa fatan gurbi mai fansho, ƙauna ce ta sa shi.

Amma fata daban, raini daban. Kuma abin da ya faru a fadamun nan cikin shekarun baya ya isa ya gyara mana harshe. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki, kuma da shinkafarmu aka fara. Ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi yana sayen shanshera, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas da ta shiga kasuwa a ƙarshen 2016. Sai ga ma’aikata, manya da ƙanana, suna neman hayar fadama. Mutum ya tashi ofis, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando ya shiga ruwa. Yau a garin nan da wuya ka nuna ma’aikacin da ba shi da gona ko tumaki ko shago. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne a ƙasa, jiharmu ta ce 75,000. Kowa ya san iyakar inda wannan ke kai mai iyali. Da yawa albashin nasu kuɗin taki ne da na fetur, abincin gidan daga gona yake zuwa. Amma ba shi takarda ya cike, layin farko zai rubuta ma’aikacin gwamnati, noman kuma ya tura shi can ƙasa, layin abin sha’awa. Abin da ke ciyar da ’ya’yansa ya zama abin wasa a rubuce.

Wannan layi na ƙarshe shi ya fi tayar da ƙura a majalisa. Da ɗalibin ya ce a Ingila akwai masu kwana bakin ruwa da ƙugiya, su kama kifi, su auna shi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa su koma gida hannu wofi suna murna, sai wani masunci da ke zaune ya dafa gwiwa ya ce, “Subhanallahi! Su maishe shi? To mi anka je yi?” Aka yi ta dariya. Wani ya tuna masa cewa ko a Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu’azu ya kai ziyara, baƙin da ke cika bakin Matan Fada kallo suka zo, nishaɗi suka zo nema. Masuncin ya ce su ne suka zo kallo, wanda ya faɗa ruwa da homa da gora kuwa, gobe ma ruwa zai shiga ba mai tafa masa.

Na ji daɗin amsarsa, amma a nan ina ganin mu ne ke da abin koyo. Muna da abubuwan da muke yi don rai na so, ba mu dai ba su matsayi ba. Ga mai tantabaru da ya san kowace da kamanninta, yana tsaye da yamma yana kallon sama har ta ƙarshe ta sauka. Ga mai doki da zai hana kansa nama ya sayo dusa da harawa, don dai ranar sallah ya fito a kansa. Ga dattawan dara a gindin bedi, ga samarin da ke bin kokawa gari-gari bayan kaka, ga ’yan farauta, ga masu ƙwallo a filin firamare, ga ’yan matan da ke musayar littattafan Hausa har bangonsu ya mutu. Tambayar farko da muke yi wa kowannensu ita ce, “Nawa kake samu a ciki?” In ya ce ba komai, sai mu ce zaman banza ya yi masa yawa. In kuwa ya ji kunya ya fara sayar da tantabarun, sai mu ce yanzu ya yi hankali, ba mu lura ya daina tsayuwar yamman nan ba.

Na san talauci ne ya koya mana wannan lissafi, kuma wanda bai ci ba ba a yi masa wa’azin nishaɗi. Amma mutumin da ya yini a rana yana da haƙƙin sa’a guda da ba ta kasuwa ba. Na ga samarin da ƙwallon yamma ta raba da shaye-shaye. Na ga tsofaffin da suka ajiye aiki suka rasa abin riƙewa, domin duk rayuwarsu ba su yarda sun so wani abu don Allah ba, sai suka zauna ƙofar gida ciwo ya same su a zaune. Wanda ke da dara ko lambun bayan gida ko karatun zaure bai shiga wannan hali ba. Saboda haka idan yaro ya zo cike wannan layi, kada ya kwafi na abokinsa ya rubuta karatu da tafiye-tafiye alhali iyakarsa Jega. Ya rubuta kiwon tantabara in shi yake yi. Gaskiya ce, kuma mai karantawa zai fi tuna shi.

Inda zaluncin harshen nan ya fi tsanani kuwa, cikin gida ne. Kusan kowace takarda da aka cike wa iyayenmu mata, abu guda ake rubutawa: matar aure, ba ta aiki. Mu ma da bakinmu muke faɗa, “Ai tana gida, ba ta komai.” Shiga gidan ka gani. Tukunyar turara shinkafa na kan wuta tun duku-duku, an baza wata a tabarma tana shan rana, yaro na jiran ya kai inji, dillaliya na jiran ta kai kasuwa. Wani gida man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wani fura, wani daddawa, wani kitso da lalle, wani keken ɗinki ba ya shiru sai dare. Ga awaki a turke, waɗanda su ne asusun gaggawa na gidan. Kuɗin rajistar jarrabawa sau da yawa daga ƙullin zane yake fitowa, haka kayan ɗakin amarya, haka kuɗin magani idan ciwo ya zo tsakar dare. Adashin da matan unguwa guda ke juyawa a wata, in aka tara shi, zai ba maza da yawa mamaki. Su ma kuma suna da gado da matakai: yarinya da tsince tsakuwa take farawa, sai ta san yadda ake gane shinkafa ta turaru ba tare da ta dafe ba sannan uwar ta bar mata tukunya.

Wata ɗaliba a unguwarmu ta zauna cike wa mahaifiyarta takardar buɗe asusu, saboda masu sayen shinkafarta daga Birnin Kebbi sun fi son turo kuɗi ta waya. Da ta zo layin sana’a sai ta ce, “Inna, matar aure zan sa, haka kowa ke sawa.” Uwar tana juya shinkafa a tabarma, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Ɗiyata, aure ibada na, ba shi ka kawo kuɗɗin da za a zuba cikin asusun ba. Rubuta mai sayar da shinkafa. In da sauran wuri, ki ƙara da kiwon awaki.” Wurin bai isa ba, sai yarinyar ta ƙanƙanta rubutu ta cusa duka biyun.